Kafin Ku Zuba Kuɗinku a Teku

Ɗiyana, samari da ƴan matan Gazawa da Agye da Gidan Rumji, maganar da zan yi muku ta kuɗi ce, kuma ta teku ce, ko da yake mafi yawanmu a nan ba mu taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin Madarumfa faɗi ba. Wasu daga cikinku, musamman waɗanda suka yi karatu mai zurfi da waɗanda suka yi ci-rani a Kwatano da Abijan da Legas, sun fara tambayar yadda ake sayen hannun jari a kamfanonin jiragen ruwa, da na dillalan jirage, da na masu sauke kaya a tasha. Ban ga laifin tambayar ba, na ma ji daɗinta. Yaron da ke tunanin inda zai ajiye kuɗinsa ya fi wanda ke tunanin inda zai kashe su. Abin da nake so shi ne ku san abin da za ku saya tun kuɗin na aljihunku.

Teku ba baƙonmu ba ne. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan da ƙasashen duniya ke sayar wa juna, in aka bi nauyi, a jirgin ruwa suke tafiya. Shinkafar Indiya da ta Tailan, da babur ɗan Sin, da sukari, da madara, da takin zamani, da allon sola da kuke cajin waya da shi, duk sun kwana a kan ruwa kafin su iso kasuwar Caduwa. A cikin kowace tiya ta shinkafa akwai kuɗin jirgi, da kuɗin saukewa, da kuɗin ajiya, da la'adar wani dillalin da ba za ka taɓa ganin fuskarsa ba. Abin da muke nomawa ma haka ne. Riɗinmu yana zuwa Sin, kuma wani ɓangare na ayar da ake haƙa a ƙasar Agye yana isa Sifen, inda ake yin abin sha da ita.

Kakanninku sun san wannan tun zamanin gyaɗa. Bayan dogo ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar Maraɗi ta can take bi ta sauka Legas, a ɗora ta a jirgi. A 1953 Faransawa suka buɗe wata hanya ta Farakku zuwa Kwatano don kada komai ya riƙa bi ta hannun Ingilishi, sannan bayan mulkin kai aka kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin gyaɗar. Fari na 1973 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka karya wannan sana'a, sai Alhazan Maraɗi suka koma fiton kaya: a sauke taba da atamfa da shinkafa a Kwatano, a kawo su Maraɗi, a wuce da su Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya. Manyan gidajen da kuke gani a Maraɗi, da yawansu da wannan kuɗi aka gina su. Saboda haka shekaru sama da ɗari ke nan muna biyan masu jirgi, ba mu taɓa samun ko sisi daga ribarsu ba. Wanda ya ce yana son ya samu rabo a ciki bai faɗi abin kunya ba.

Sai dai kalmar "kamfanin jirgin ruwa" da kuke ji a waya ta haɗa sana'o'i dabam-dabam, kuma kowace da irin haɗarinta. Bari in fara da dillali, domin shi kuka fi sani.

Ku tsaya a kara ranar kasuwa ku kalle shi. Bafillace ya koro bijiminsa tun asuba, bai nemi mai saye da kansa ba, wurin dillalinsa ya nufa, wanda ubansa ma wurinsa yake sauka. Dillali ya karɓi igiya, ya duba haƙora, ya shafa tozo, ya riga ya san abin da irin wannan sa ya yi a kasuwar da ta wuce. Ga wani falke daga Jibiya yana zagayawa kamar ba ya so. Ya taya, dillali ya ce albarka. Ya ƙara, dillali ya ja Bafillace gefe suka yi ƙus-ƙus, ya dawo ya ja falke wani gefen. Can sai ka ji "na sallama," a tafa, a ƙirga kuɗi, dillali ya cire la'adarsa. San ba nasa ba ne. Bai ciyar da shi ba, bai shayar da shi ba, in ya mutu a hanyar Katsina ba asararsa ba ce. Jarinsa shi ne sanin mutane, da sanin farashi, da kuma amanar da ta sa falke ya yarda cewa wannan sa ba na sata ba ne.

Dillalin jirgin ruwa aikinsa ke nan, sai dai shi a ofis yake zaune a Landan ko Singafo, waya a kunne. Wani yana da tan dubu hamsin na alkama yana neman jirgi, wani yana da jirgi babu kaya, shi ke haɗa su. Bisa al'adar sana'ar, la'adarsa kashi ɗaya da kwata ce cikin ɗari na kuɗin haya, in kuma sayar da jirgin aka yi, kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗinsa. A ce an yi hayar jirgi a kan dalar Amurka 20,000 kowace rana, dillali yana da dala 250 a kullum har wa'adin hayar ya ƙare. In kasuwa ta faɗi haya ta koma 8,000, nasa ya koma 100. Bai ci bashin banki ya sayi ƙarfe ba, ba ya biyan matuƙa, ba ya sayen mai. Amma in kasuwa ta mutu, la'adarsa ta rame tare da ita.

Babba a cikinsu shi ne Clarksons, wanda Horace Clarkson ya kafa a Landan a 1852. Yana da ma'aikata sama da 2,000, ana sayar da hannun jarinsa a kasuwar hannun jari ta Landan, kuma ya yi fiye da shekara ashirin a jere yana ƙara ribar da yake raba wa masu jari. Akwai kuma Braemar, ƙarami a kansa, shi ma a Landan. Irin waɗannan ba dillanci kaɗai suke yi ba, suna sayar da labarin kasuwa, wato wane jirgi ke ina, nawa ake ƙerawa, nawa aka yanka aka sayar da ƙarfensu. Tun da Nijar ta fara fitar da ɗanyen mai ta bututun nan mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar Binin, inda jirgin farko ya yi lodi a watan Mayu na 2024, manmu ma ya shiga cikin kayan da ake nemar wa jirgi a irin wannan kasuwa.

Mai jirgi kuwa wata rayuwa yake yi dabam, kuma a nan nake so ku natsu. Jirgi yana ɗaukar shekara biyu zuwa uku kafin a gama ƙera shi, in an gama kuma yana iya yin shekara ashirin da biyar yana aiki. Idan haya ta yi tsada, kowane mai jirgi sai ya ruga banki ya ci bashi ya ba da odar sababbi. Kafin su fito kasuwa ta sauya, sai ga jirage rututu babu kaya, ga bashi yana jira. A Landan akwai wani ma'auni da kasuwar Baltic ke fitarwa kullum, mai nuna tsadar hayar jiragen da ke ɗaukar hatsi da gawayi da tama. Ranar 20 ga Mayu 2008 ya kai 11,793. A farkon Disamba na shekarar nan dai ya koma 663. Cikin wata bakwai abin da ake biyan mai jirgi ya zube da fiye da kashi casa'in cikin ɗari. A Fabrairun 2016 ya ƙara nutsewa zuwa 290. A wannan shekarar ce Hanjin, kamfanin Koriya ta Kudu, na bakwai a duniya wajen dakon kwantena, ya kasa biyan bashinsa. Tashoshi suka ƙi karɓar jiragensa don tsoron ba za a biya su ba, jirage suka yi ta shawagi a kan ruwa da kayan mutane da matuƙa a ciki. A 2017 kotu ta rufe shi, masu hannun jari suka tashi da takarda kawai.

Wani lokacin kuma kuɗi kamar a mafarki. Bayan annobar korona, a Satumban 2021, matsakaicin kuɗin ɗauko kwantena mai ƙafa arba'in a manyan hanyoyin teku ya haura dalar Amurka 10,000. Maersk na ƙasar Danmak ya ci ribar kusan dala biliyan 29 a 2022. Zuwa ƙarshen 2023 kuɗin kwantenar nan ya sauko ƙasa da dala 1,500, ribar Maersk ta shekarar ta koma wajen biliyan 4. Kamfani ɗaya, sana'a ɗaya. Wanda ya ga ribar 2022 ya sayi jari yana zaton haka abin yake kullum, ya sayi ƙarshen biki ne. Wannan ita ce babbar matsalar ƙaramin mai jari irinku: labari ba ya isowa Gazawa sai farashi ya gama hawa. Ranar da kuka ji ana ta yabon jarin jiragen ruwa a majalisar shayi, ku ɗauka waɗanda suka saya da arha sun fara neman wanda za su sayar wa.

Akwai wani abu a sana'ar nan da ke damun zuciyata, kuma ba zan ɓoye muku ba. Sau da yawa ribarta tana hawa ne lokacin da duniya ke cikin wahala. A Maris na 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez kwana shida, kaya suka yi tsada. Daga ƙarshen 2023, da aka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya, manyan kamfanoni suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu. Tafiya ta ƙaru da kwana goma ko fiye, aka buƙaci ƙarin jirage, haya ta tashi, masu jirgi da dillalansu suka samu. A daidai wannan lokacin uwarka tana kasuwa tana mamakin kuɗin taliya. Ban ce ribar haram ce ba, domin mai jirgi ba shi ya kunna wutar ba. Amma wanda ya shiga wannan jari ya tsare zuciyarsa, kada ya wayi gari yana jin daɗin labarin yaƙi.

To tunda dillali ba shi da bashin jirgi, shi ke nan jarinsa ba shi da haɗari? A'a. Kamfanin dillanci dukiyarsa mutane ne, kuma kowace yamma dukiyar nan takan tashi ta tafi gida. Idan gwanayen dillalai biyar suka bar kamfani suka koma wani, abokan cinikinsu na bin su. Don haka dole a biya su da tsoka, wani babban kaso na abin da kamfani ya samu yana tafiya a albashi da ladan ƙarshen shekara kafin a waiwayi mai hannun jari. A Clarksons ma masu jari sun sha yin ƙorafi a taron shekara kan yawan abin da ake biyan shugabanni. Braemar kuwa an dakatar da cinikin hannun jarinsa daga Yuli zuwa Nuwamban 2023, saboda ya makara wajen fitar da lissafin shekara yayin da ake binciken wasu tsofaffin ciniki. Cikin waɗannan watanni, wanda ke da jari a ciki ko ɗansa ne ke kwance a asibiti ba shi da halin sayarwa. Wannan a Landan ke nan, inda doka ke da ƙarfi. A ra'ayina jarin dillali ya fi na mai jirgi kwanciyar hankali ga mutum mai ƙaramin ƙarfi, amma ba ajiyar banki ba ne.

Yanzu mu dawo kusa da gida. Ƙasashe takwas masu kashe sefa a yammacin Afirka, har da Nijar, suna da kasuwar hannun jari guda ɗaya, BRVM, mai mazauni a Abijan, wadda ta fara aiki a Satumban 1998, tana kuma da reshe a Yamai. Kamfanoni arba'in da ƴan kai ne a cikinta, galibi bankuna da kamfanonin sadarwa da na noma. Daga Nijar akwai Bank of Africa Niger. A fannin da muke magana akwai Africa Global Logistics na Kwadebuwa, wanda a da ake kira Bolloré Transport & Logistics. Shi ba mai jirgi ba ne, ba kuma dillalin haya ba ne. Aikinsa tarbar jirgi a tasha, da sauke kaya, da ajiye su a sito, da cika takardun duwan, da tura kaya cikin ƙasa. Irin aikin ƴan tiranzit ɗinmu na Maraɗi ne, sai dai mai girman gaske. A Disamban 2022 kamfanin jiragen ruwa na MSC ya sayi duk harkokin Bolloré na sufuri da tashoshi a Afirka a kan yuro biliyan 5.7, aka sauya suna a 2023.

Ku lura da abu biyu a nan. Wanda ya sayi wannan jari a BRVM ya sayi rabo ne a reshen Kwadebuwa kaɗai. Bai sayi tashar kwantena ta Kwatano ba, ko da yake ita ma tana hannun uwar kamfanin, bai kuma sayi MSC ba, domin MSC na iyalin Aponte ne, ba a sayar da jarinsa a kasuwa, kamar yadda CMA CGM na Faransa yake hannun iyalin Saadé. Duk wanda ya zo muku da takarda ko saƙon waya yana cewa zai sayar muku da hannun jarin MSC, ƙarya yake yi. Na biyu kuma, mai rinjayen jari shi ke yanke shawara. In ya ce bana ba za a raba riba da yawa ba, za a sayi injuna, kai mai hannun jari goma sai dai ka yi haƙuri.

Haɗarin irin wannan kamfani ba daga igiyar ruwa yake zuwa ba, daga fadar shugabanni yake zuwa, kuma ku shaidu ne. A Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamban 2020, kun ga yadda tashoshin mota na Maraɗi suka yi tsit. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, gadar Malanbil da Gaya ta rufe, kwantenonin ƴan kasuwarmu suka maƙale a Kwatano kuɗin ajiya na hawa a kansu kullum. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma Nijar ta bar nata ɓangaren gadar a rufe, kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina da rakiyar soja. Tashar da ke cike jiya ta rage aiki, wata ta samu. Babu takardar lissafin kamfani da za ta gaya maka wannan tun kafin ya faru. Tashar jirgi kuma ba a ɗaukar ta a kai ta wani gari, kuma gwamnati ce ke ba da izinin riƙe ta na wasu shekaru, tana iya sabuntawa, tana iya ƙi.

In bayan duk wannan mutum ya ga yana so, to ga ƙofa. Ba a sayen jari a BRVM sai ta hannun kamfanin dillancin hannun jari mai lasisi, irin waɗanda ake kira SGI. Hukumar da ke ba su lasisi ita ce AMF-UMOA, kuma tana wallafa sunayensu. A Yamai akwai SGI Niger. Za ka kai takardar shaidarka, a buɗe maka asusu da sunanka, ka ba da umarnin saye a rubuce, a riƙa ba ka takardar abin da ka mallaka. Ka tambayi nawa ake cirewa in ka saya, nawa in ka sayar, nawa na ajiya a shekara, nawa gwamnati ke yanka daga riba, domin in jarinka jikka ashirin ne, waɗannan ƴan kuɗaɗe suna iya cinye ribar shekara. Ka kuma sani kasuwar ba ta da yawan masu ciniki. Akwai ranar da za ka so sayarwa ba ka sami mai saye a farashin da kake so ba. Sannan ka nemi rahoton shekara na kamfanin, na shekara biyar baya, ba na bara kaɗai ba. Ka duba nawa ya samu, nawa ake bin sa, nawa ya raba, da yadda ya yi a shekarar da kasuwa ta lalace. Wanda ba zai iya karanta wannan ba ya nemi ɗan uwa mai ilimin lissafin kuɗi ya zauna da shi. In duk an karanta bai gane inda ribar ke fitowa ba, ya bar kuɗinsa a inda suke.

Jarin Landan ko na Danmak kuwa ya fi nisa. Dokar canjin kuɗi ta ƙasashen sefa ba ta bar mutum ya fitar da kuɗi waje don zuba jari haka kawai ba, sai ta banki da izinin hukuma. Ga kuma haɗarin canji. Sefa a ɗaure take da yuro, amma fam ɗin Ingila da dalar Amurka suna hawa suna sauka, sai jari ya yi riba can, in an juyo da shi gida ribar ta narke. Manyanku sun tuna Janairun 1994, da aka kwana aka tashi darajar sefa ta ragu da rabi. Yawancin manhajojin da ake tallata muku a waya ba hannun jari suke sayarwa ba. Caca ce a kan ko farashi zai hau ko zai sauka, har su ranta maka ninkin kuɗinka don ka ƙara zubawa, ƙaramin motsi ya share komai. Wasu kuma ko cacar babu, zamba ce tsagwaronta. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ɗanɗana MMM da ta daskare a Disamban 2016, da CBEX da ta rushe a Afrilun 2025, mutane suka rasa kuɗin gida da na aure. Alamarsu ɗaya ce: alƙawarin riba tsayayya kowane mako, da matsa maka ka kawo ƴan uwanka. Kun dai ji yadda sana'ar jirgi take hawa da faɗuwa. Wanda ya ce zai ba ka kashi talatin cikin ɗari kowane wata daga "kwantena" ko "jirgin dakon mai," bai san teku ba, aljihunka ya sani.

Ta fuskar addini, dillanci da dako sana'o'i ne halal, kuma malamai da yawa na zamani sun halatta sayen hannun jari in ainihin aikin kamfanin halal ne. Amma sun sa sharuɗɗa, musamman kan bashi mai ruwa. Wasu majalisun malamai sun ce kada irin wannan bashi ya wuce kusan kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfanin, kuma ɗan abin da ya shigo ta kuɗin ruwa a fitar da shi sadaka. Masu jirgi da yawa bashinsu ya fi haka, dillalai kuwa galibi ba su da shi sosai. Akwai kuma zakka in jari ya kai nisabi ya shekara. Ku ɗauki takardun ku je wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki, ku gaya masa gaskiyar abin, kada ku tambaye shi rabin magana don ku sami amsar da kuke so.

Wane kuɗi ake sawa? Wanda in ya yi shekara biyar ba a taɓa shi ba, tukunyar gida ba za ta sauka ba. Ba kuɗin iri ba, ba na taki ba, ba hatsin rumbu ba, ba sadaki ba, ba bashi ba, ba kuma kuɗin da tsohuwa ta ba ka ajiya ba. Gona kuwa kada ma a kawo zancenta. A ƙasar Agye da Gidan Rumji mutane sun yi yawa, gonaki sun tsuke, wanda ya sayar da ta gado da wuya ya sake mallakar irinta. Iyayenku mata sun nuna hanya tun 1991, da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar nan ta Maraɗi: zubi kaɗan-kaɗan kowane mako, akwati mai makulli, lissafi a gaban kowa, har tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Ku yi jari da irin wannan haƙuri, kuma kada ku tara shi duka a kamfani ɗaya ko sana'a ɗaya. Ku kuma yi wa kanku adalci wajen lissafi. Ragon da aka turke wata huɗu kafin Layya, ko buhun wake da aka ajiye daga kaka zuwa bazara, sau da yawa yana ba da abin da ya fi ribar hannun jari ta shekara, kuma sana'a ce da kuka sani ciki da waje. Amfanin hannun jari shi ne ba ya cin dusa, fari ba ya kashe shi, ƙwaro ba ya huda shi. Ya zama ƙari a kan abin da kuke yi, kada ya maye gurbinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa, ɗiyana, shi ne ku shiga sana'ar da kanku. MSC, wanda tun 2022 ya fi kowa yawan jiragen kwantena a duniya, hedikwatarsa tana Janiba a Suwizalan, ƙasar da ba ta da gaɓar teku kamar tamu. Habasha ma ba ta da teku, tana da kamfanin jiragen ruwa na gwamnati. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024. In Allah ya nufa dogon nan ya iso, za a nemi wanda ya iya takardar lodin jirgi, da inshorar kaya, da dokokin duwan na ƙasashen biyu, wanda ke jin Faransanci da Ingilishi da Hausa, wanda ɗan kasuwar Gazawa zai damƙa wa riɗinsa ya yi barci. In ba ku koya ba, daga wani wuri za a kawo su, ku kuma ku yi musu dako.

Wanda ke makaranta ya nemi fannin sufuri da tiranzit. Wanda ya bar makaranta ya nemi ɗan tiranzit mai gaskiya a Maraɗi ya zauna ƙarƙashinsa shekara biyu, ko da ba albashi mai yawa. Wanda kuma ya tara ƴan kuɗinsa yana son jari, ya fara zuwa Yamai ya ga ofishi da lasisi da idonsa kafin ya miƙa ko dala ɗaya. Allah ya yi muku albarka, ya sa wa nemanku albarka.